Shayin da Ya Ƙi Yin Ja

Tandabawi, Makka
Rabi'ul Awwal, 1435

Zuwa ga hasken idona wanda ido bai sake gani ba tun kafin Asabar ɗin can; zuwa ga sanyin zuciyata, wanda sanyinsa ya wuce zuciya ya gangara har maƙogwaro; zuwa ga farin watana da ya shige bayan dutse ya kashe waya; zuwa ga inuwata, raɓar safiyata, zakina, gwarzon da babu na biyunsa a fagen aiko da saƙo, Ustaz Lurwanu na Kabo. Amincin Allah ya tabbata a gare ka a duk inda ka ɓuya, da rahamarsa, da albarkarsa, da kuma ɗan abin da ya sawwaƙa na ƙarfin hali.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Na kira ka har yatsana ya haddace lambarka, kullum baiwar Allahn nan ta cikin waya ce take amsa mini, ta ba ni haƙuri da Larabci ta sake ba ni da Turanci, ladabin da ban samu daga wurinka ba ko da yare ɗaya. Da farko an ce zazzaɓi ne. Yanzu an ce jarrabawa kake yi. Allah ya ba da sa'a! Ban san an fara jarraba ɗalibai a kan iya ɓuya ba, amma idan haka ne ka kwantar da hankalinka, kai ne na ɗaya. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan ba matar wakilinka Malam Rabe, ta ba mijinta, ya kai maka har ɗaki, tunda na lura duk abin da ke tsakanina da kai yanzu sai ya bi ta hannun Malam Rabe. Idan ka ga kuskure a rubutun, kai ka koya mini boko, ni 'yar Takari haihuwar lungun Tandabawi, wadda ka ce Hausarta ta sha Larabci har ta yi tumbi. Zaƙaƙan kalaman kuwa naka ne, a cikin saƙonninka na tsince su, yau na ga ya kamata in mayar maka da kayanka.

Ya farin cikin raina, ka tuna Mina? Ka tuna aikin Hajjin bara waccan, ni da Gwaggo Rabi'a, ƙanwar Abuya mahaifina, muna tuƙa wa alhazan Najeriya tuwo a bayan tantuna, kai kuma kana jagorantar tsofaffi da 'yar tutarka a kan sanda? Hadari ya taso babu sallama, ruwa ya tsuge, kowa ya yi ta kansa. Sai ga ka a guje, laima a hannu, fuska cike da tausayi, na ce a raina yau ga namiji. Ka iso, ka buɗe laimar, ka riƙe ta daram a kan tukunyar tuwo. Na tsaya a gefenka ruwa yana dukana har abayata ta yi sharkaf, kai kuwa idonka na kan murfi kada ɗigo ɗaya ya shiga. Sai da ruwa ya ɗauke ka waiwayo ka ga halin da nake ciki, kunya ta rufe ka, ka miƙo mini laimar bayan rana ta riga ta fito. Wallahi a daidai wannan lokacin na so ka, Lurwanu, kuma har yau ban san abin da ya same ni ba. Gwaggo ta ce ko ba komai ba za ka bar ni da yunwa ba.

To, wannan son ne ya kai mu ga ranar Asabar. Abuya, Malam Tijjani, wanda ya tsufa yana tura keken gajiyayyu tsakanin Safa da Marwa har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya ce tunda iyayenka suna can Kabo, babu baffa babu kawu a nan, ya yarda Malam Rabe ya tsaya maka a matsayin babba wajen neman aurena. Amma yana son ka zo da ƙafarka ya gan ka ido da ido. Abu ɗaya ke nan da ya roƙa. Ka ce mini ko duwatsun Makka za su taru su tare hanya sai ka zo. Ka ce ko da rarrafe. Har aya ka jawo mini a kan cika alkawari, da fassararta, da abin da malamai suka ce a kai! Na share gida tun da hantsi, na wanke labule, na turara ɗakin baƙi, Gwaggo ta soya sambusa, Abuya ya sa farar jallabiyarsa ta Idi ya zauna yana ta gyara hula kamar shi ne mai neman auren. Ana idar da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa ta gefen labule, na ga Malam Rabe shi kaɗai da leda a hannu. Na ƙara miƙa wuya ko kana bayansa, don na san ka da kunya. Babu kowa a bayansa sai kyanwar maƙwabta.

Ashe kana cikin ledar! Ashe masoyina ya rikiɗa ya zama kwali biyu na shayi! Saƙonka ya biyo ta bakin Malam Rabe, ya bi ta bakin Gwaggo, ya iske ni a madafa: wai zazzaɓi ya kayar da kai, amma ga wani shayi daga Amurka, wai wani babban likita da ya zo Umara ya ba ka shi saboda ƙaunar iliminka, wai a can ma sai manya suke shansa, su ma sau ɗaya a shekara, lokacin bikinsu. Wai in dafa wa Abuya, in ɗora kwalin a kan faranti ya gani da idonsa, zuciyarsa za ta yi laushi. Kwalin kuwa, ya salam! Ja da fari, ga ƙanƙara tana zuba a kan wani ɗan gida, ga itatuwa masu tsinin kai, ga wata sanda mai lanƙwasasshen wuya da zane-zanen ja da fari a tsaye a tsakiya. Ina buɗewa ƙamshi ya buge ni, na alawa da na kek da na na'ana'a a cakuɗe. Raina a ɓace yake, amma na ce ba komai, mutumin da ya rabu da kyautar likita saboda ni ai bai manta da ni ba.

Ka san Abuya da shayi, ko da yake ina za ka sani, tunda ba ka taɓa zama ka sha da shi ba. Ba ya shan na kan gas, sai na gawayi. Ba ya ko kallon wanda bai yi ja ba, ja wur har ya kusa baƙi, da ɗan ganyen na'ana'ar Madina a sama. Haka mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take dafa masa, haka na tashi na gani. Don haka na ɗora buta, na jefa 'yan ƙunshin nan masu zare guda biyu, na tsugunna ina jiran ja. Ruwa ya tafasa ya zama kamar wanda aka wanke alayyafo a ciki. Na ƙara. Gwaggo ta ce wuta ce ba ta kama ba, ta ɗauki mafici ta hau fifita. Na ƙara. Gwaggo ta ce shayin manya ne, ba ya sakin jiki da kowa da wuri, sai an lallaɓa shi. Muka lallaɓa, muka ƙara, muka sake ƙarawa, har kwali guda cur ya ƙare a cikin buta ɗaya, zarurruka suna reto a bakinta. Tururi ya cika madafa, idanunmu suka kama yaji, murar da Gwaggo take fama da ita tun watan Muharram ta warke nan take. Shayi dai ya ce shi ba ya ja. Da muka ga ba sarki sai Allah, na zuba sukari yadda aka saba, na ɗora na'ana'ar Madina a kai, don kada a ce mun yi wa baƙo rowa.

Sai na ɗanɗana.

Ya rabin raina, da wane harshe zan ba ka labari, alhali harshen nawa bai dawo hayyacinsa ba sai washegari? Kurɓar farko ta zo da fara'a da murmushi, tana ƙamshin alawar da ake raba wa yara ranar Sallah. Kafin in ce mata marhaban ta juya ta zama makilin, kamar wani ya matse na unguwa gaba ɗaya a cikin tafasasshen ruwa. Tana wuce maƙogwaro ta zama mantaleta. Wane irin abu ne wannan, yana ƙona leɓe da zafi amma yana kankare ƙirji da sanyi? Na ja numfashi, iska ta shiga ta hanci, na rantse ta kunne ta fita. Haƙorana suka yi tsami, hawaye ya zubo ba tare da ya nemi izinina ba. Na sake kurɓa ko zan gamu da shayin a can ƙasa. Na laluba sama, na laluba ƙasa, na samu alawa, na samu magani, na samu sanyin ƙasar da ban taɓa zuwa ba, amma shayi ban gamu da shi ba. Gwaggo ta kurɓa, ta yi salati, ta zauna a kan buhun shinkafa.

Za ka tambaya me ya sa na bari aka kai wa mutane. Domin na yarda da kai, mai gida na gobe! Na ce a raina harshena ne na talaka wanda bai saba da abin manya ba, Ustaz ba zai aiko da abin kunya a rana irin ta yau ba. Ga shi gawayi ya cinye, ga baƙo ya gama gaisuwa ya sake farowa daga farko. Na jera finjalai, na ɗora kwalin da ya rage a tsakiya kamar yadda ka yi umarni, Gwaggo ta miƙa farantin, ni kuma na laɓe a bayan labule ina kallo ta 'yar kafa.

Allah ya saka wa Malam Rabe da gidan Aljanna! Duk wanda ya ce amana ta ƙare a duniya a kai shi ya ga wannan bawan Allah. Ya ɗauki finjali, ya yi bisimilla, ya yi kurɓa irin ta mutumin da ya zo neman alfarma, babba, har da ƙara. Na ga wuyansa ya miƙe, idanunsa suka kaɗa suka yi jan da shayin ya ƙi yi, hawaye ya gangaro ya shige gemu. Da ya samu numfashi ya ce Masha Allah, ya ce tunda yake bai taɓa shan irinsa ba, kuma na shaida bai yi ƙarya ba. Don ya kare mutuncinka har sharhi ya yi wa kwalin, ya ce sandar nan da aka zana ta tsofaffi ce, alama ke nan cewa maganin ciwon gwiwa ne. Abuya da ya ji yabo ya yi yawa sai ya sake cika masa. Ya shanye, ya sake yabo, don ba shi da mafita, Abuya ya sake cikawa. Mutumin nan saboda kai ya sha abin da ko ɗan cikinsa ba zai sha dominsa ba. An ce mini har yau idan ya yi atishawa matarsa tana jin ƙamshin alawa.

Abuya kuwa ya sha nasa a hankali har ƙasa, ko gira bai ɗaga ba. Ya ɗauki kwalin ya juya shi gaba da baya, ya ajiye. Sannan ya ce, da muryar nan tasa da ba ta tashi sama, ya ga shayi, ya sha, ya gode. Amma 'ya ɗaya gare shi a duniya, kuma bai taɓa jin inda aka ba kwali aure ba. Idan zazzaɓi ya saki mai kwalin, ƙofa a buɗe take. Malam Rabe ya nemi takalmansa ya fita yana share ido, ni kuma na koma madafa na rasa inda zan sa fuskata.

Kwana biyu bayan haka ƙawata Maryama ta zo, wadda take aikin shara a wani masaukin masu Umara a unguwar Aziziyya, masaukin da kake kai baƙi idan ka samu hutu. Tana ganin kwalin a kan kanta ta fashe da dariya har ta riƙe ciki. Ta ce ai ta san shi, ita ta kwaso su da hannunta. Wasu masu Umara ne daga Amurka suka tafi suka bar su a ɗakuna tare da ragowar biskit da silifas, aka tara a ƙarƙashin matakala don duk mai so ya ɗauka, aka yi kwanaki babu wanda ya taɓa, sai wani ɗalibi mai ladabi da ya zo ya duba hagu ya duba dama ya zura biyu a leda. Ya tauraron asubata, wane ne wannan ɗalibi? Ina babban likitan? Ko a ƙarƙashin matakalar yake duba marasa lafiya? Ta ce sandar nan alawa ce ta bikin Kirsimeti, ba ruwanta da gwiwar kowa. Ta ce ƙunshi ɗaya ake sa wa kofi ɗaya, a zuba ruwan zafi, shi ke nan. Ta ce ko za mu kwana muna dafawa ba zai yi ja ba, domin babu ganyen shayi a cikinsa ko ƙwaya, ciyayi ne da ƙamshi. Ka ji fa! Ɗalibin Shari'a, a garin Makka, ya aika neman aure da shayin Kirsimeti na ƙarƙashin matakala, wanda ba shayi ba ne. Idan na ba jikokinmu wannan labari za su ce tsufa ne ya taɓa ni.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Na yi kuka na takaici, na yi dariya, na sake yin kuka. Amma ba ƙaryar likita ce ta fi ƙona mini rai ba, Lurwanu, wannan na yafe tun kafin Maryama ta gama sa takalmi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne na san abin da ya hana ka zuwa, kuma ba zazzaɓi ba ne.

Tambaya ɗaya Abuya zai yi maka, ka sani, na sani: ina za ka kai ni. Karatunka zai ƙare kafin Hajji mai zuwa, zamanka a ƙasar nan zai ƙare tare da shi, mahaifiyarka tana jiranka a Kabo, da makarantar da aka gina ana jiran malami. Ni kuma ba ni da iƙama, takardar izinin zama, haka Abuya, kuma tun da aka tsananta kame ko bakin titi sai mun duba kafin mu fita. Mace irina idan ta fita, ta ƙofar masu miƙa kai take fita, a ɗauki hoton yatsunta, a rufe ƙofar a bayanta, Allah kaɗai ya san ranar buɗewa. Abuya ba zai bi ni ba. Ya zo garin nan yana saurayi, a nan ya binne mahaifiyata, ya ce daga nan sai kabari. Ma'anar aurenmu ke nan: in na tafi, da wuya in sake ganin fuskarsa a duniya. Ka kasa kallon tsoho ka faɗa masa haka, sai ka aiko masa da ƙamshi. Na fahimce ka, wallahi na fahimta, ni ma abin ya hana ni barci. Amma kai da ka iya tsayawa gaban ɗaruruwan alhazai kana yi musu wa'azin haƙuri da tawakkali, tsoho ɗaya mai ciwon gwiwa ne ya gagare ka?

To, albishirinka, ya jarumina: aikin da ka gudu ka bari, mace ta yi rabinsa.

Bayan tafiyar Maryama na ce bari in dafa abin nan yadda masu shi suke dafawa, in ga ko mu ne muka zalunce shi. Ƙunshi ɗaya, ruwan zafi, babu gawayi babu fifita. Gaskiya dai gaskiya ce, ya fi na ranar Asabar mutunci. Har yanzu ba shayi ba ne, ruwan ɗumi ne da ya taɓa gaisawa da alawa, ɗan sanyi-sanyi a maƙogwaro, amma ba ya sa ko jariri hawaye. Riƙe wannan da kyau. Abuya ya ji ƙamshin daga ɗaki ya ce in kawo masa ya ga ko Amurkawan sun tuba. Na kai masa, na durƙusa a gabansa, na ji idan ban yi magana a lokacin ba ba zan taɓa yi ba. Na ce masa na san tambayar da yake ajiye maka, kuma na san amsarta. Na ce Kabo za ka kai ni. Na ce na san abin da hakan yake nufi, na auna, na yi istihara, kuma ina son ka duk da haka, idan ya sa albarka zan bi ka, idan bai sa ba zan zauna, ba zan taɓa ɗaga masa murya ba. Ban taɓa yi wa Abuya magana mai tsawon wannan ba tun da aka haife ni.

Ya kai finjali baki ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai na ga hawaye yana bin kumatunsa. Mutumin da Gwaggo ta ce ko ranar da aka ɗauki gawar mahaifiyata babu wanda ya ga ƙwallarsa! Ya sa bakin hannun riga ya share, ya ce wannan shayi na Amurka mugu ne, kai tsaye ido yake nufa. Na ce haka ne, Abuya. Ya ce in ƙaro masa.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar shi yake nema. Jan shayinsa na gawayi, wanda bai taɓa tsallake shi ba ko yana kwance, ya ajiye shi. Sai ya zauna a bakin taga, inda ake hango kan dogon agogon Harami ta tsakanin gidaje, ya ce in kawo masa mugun nan. Yana sha yana yi mini magana. Ya koya mini yadda ake durƙusa wa suruka a ƙasar Hausa, ya ce can ba a kiran sunan miji, in fara sabawa. Ya faɗa mini sunan ƙauyensu a ƙasar Argungu da bai taɓa ambata ba, da sunan wata yayarsa, ya ce idan na same ta da rai in ce mata bai manta ba. Ya ce in tafi da butar mahaifiyata. Yana faɗa hawaye yana zuba, yana tsine wa shayin, Gwaggo tana taya shi daga madafa, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da Amurkawa da suka rasa abin ƙirƙira sai mai sa tsofaffi kuka. Dukkanmu mun san gaskiya, babu mai faɗa. Ni ma nakan zuba nawa in zauna kusa da shi, don in samu abin da zan ɗora wa laifi.

Ka ga ikon Allah, ya mai hikima? Ka aiko da shayi don ya yi wa zuciyar Abuya laushi, ga shi ta yi. Kada ka kuskura ka ce dabararka ce ta yi aiki, domin idan na ji ka faɗi haka a gaban mutane, da wannan laimar taka zan bi ka. Bai ce ya ba ka ni ba, kuma ba zai ce ba. Yana shirya ni kamar mai tafiya, amma kalmar yana riƙe da ita, domin ba ni ce zan karɓe ta ba, kuma ba Malam Rabe ba ne. Duk lokacin da aka taɓa ƙofa sai ya gyara hula.

Kwalin kuma ya kusa ƙarewa. Na tambayi Maryama ko akwai saura a ƙarƙashin matakalar likitanka, ta ce an zubar. Na ce ko za a samu a kanti, ta ce ko a can ƙasarsu sai lokacin bikin ake sayar da shi, sai baɗi war haka. Baɗi war haka ina ina, Lurwanu? Kullum ina leƙa cikin kwalin kamar mai duba sauran hatsi a rumbu, ina sake jiƙa wanda aka riga aka jiƙa don ya ƙara kwana. Ranar da ya ƙare, Abuya zai zauna a bakin tagar nan da jan shayinsa, babu abin fakewa, ya haɗiye abin da ke ransa kamar yadda ya saba haɗiyewa shekara da shekaru. Ina tsoron wannan rana fiye da ranar tafiyata.

Saboda haka ina roƙonka, ya abin alfaharina, ya wanda na zaɓa da idona a buɗe: ka zo. Kada ka zo da leda. Kada ka zo da kyautar likita, ko ta injiniya, ko ta wani sarkin da ka gamu da shi a bayan ƙofa. Ka bar Malam Rabe ya huta, ya biya bashin zumunci har da na jikoki. Ka zo da ƙafarka da bakinka ranar Juma'a bayan la'asar, ka zauna a kan shimfiɗar da aka share dominka, ka kalli mahaifina ka faɗa masa cewa za ka ɗauke masa 'yarsa zuwa inda ƙafarsa ba za ta kai ba, ka faɗa masa yadda za ka riƙe ta. Muryarka za ta yi rawa, na sani. Idonka zai cika, na san ka. Kada wannan ya dame ka. Na ware ƙunshi biyu na ƙarshe na ɓoye inda ko Gwaggo ba ta sani ba, ɗaya naka ɗaya nasa. Zan dafa muku da hannuna, in koma bayan labule, ku yi abin da za ku yi, ku ce shayin ne. Ni da Gwaggo za mu ba da shaida.

Idan kuma ba ka zo ba, kada ka yi zaton za ka rabu da ni, ba ka yi wannan sa'ar ba. Zan ci gaba da sonka kamar yadda nake yi, da takaici da komai, babu wani da zai shiga inda ka shiga ko da ya zo da shayin da ya yi ja. Amma zan dafa wa Abuya nasa, in zauna in shanye naka a gabansa, kuma a ranar ba zan ce shayin ne ba.

Taka ce ni, a Makka ko a Kabo, ko ka cancanta ko kana kan hanyar cancanta, har ranar da za a naɗe ƙasa,

Hanifa Tijjani